Presence: Faifan Led Zeppelin da Aka Yi wa Gaggawar Hukunci

A cikin fayafayai takwas da ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta naɗa a situdiyo ta fitar tsakanin 1969 da 1979, babu wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kamar na bakwai, wato Presence, wanda ya fito a ƙarshen watan Maris na 1976. Idan masoya kiɗan rok suka zauna hira a kan wannan ƙungiya, da wuya zance ya yi nisa ba a ambaci faifansu na huɗu ba, wanda ke ɗauke da "Stairway to Heaven", ko kuwa Physical Graffiti mai ɗauke da "Kashmir". Shi kuwa Presence, ko an tuna da shi, sai a ce ai faifai ne mai waƙa guda, a yaba wa ta farko a tsallake sauran shida. Ni ban gamsu da wannan hukunci ba, kuma ina ganin an yi gaggawa wajen yanke shi. Abubuwan da aka lissafa a matsayin naƙasun faifan, wato bushewar sautinsa da tsananinsa da rashin kayan ƙawa a cikinsa, su ne a ganina suka sa ya fi sauran faɗin gaskiya game da halin da mutanen nan huɗu suke ciki a lokacin da suka yi shi.

Ba za a fahimci wannan faifai ba sai an koma shekarar 1975, lokacin da ƙungiyar ta kai ƙololuwar tashe. A watan Fabrairu suka fitar da Physical Graffiti a ƙarƙashin kamfaninsu na kansu mai suna Swan Song, suka yi rangadin Amurka, sannan a watan Mayu suka cika zauren Earls Court na Landan har dare biyar. Kuɗi ya shigo fiye da ƙima, amma a wancan zamani gwamnatin Birtaniya tana karɓar harajin da ya kai kashi 83 cikin 100 a kan mafi girman kuɗin shigar mutum, saboda haka manyan mawaƙa da yawa suka gwammace su yi hijira na shekara guda ko fiye, su riƙa ƙirga kwanakin da doka ta yarda su yi a ƙasarsu. Led Zeppelin ma suka bi sahu. Mai waƙar ƙungiyar, Robert Plant, da mai kaɗa jita, Jimmy Page, suka tafi yawo Maroko, suka ratsa yankin duwatsun Atlas, da niyyar su huta kafin wani rangadin Amurka da aka tsara farawa a ƙarshen watan Agusta.

Wannan rangadi bai yiwu ba. Ranar 4 ga Agusta 1975, a tsibirin Rodos na ƙasar Girka, motar hayar da Plant yake ciki tare da iyalinsa ta kauce hanya ta daki bishiya. Matarsa ta ji munanan raunuka har aka yi fargabar ba za ta rayu ba, 'ya'yansu ma suka jikkata, shi kuma ya karye a idon sawu da gwiwar hannu. An kwaso su da jirgi zuwa Landan domin a yi musu magani, amma saboda batun harajin nan Plant bai samu damar zama kusa da matarsa tana jinya ba, domin kwanakinsa a ƙasar ƙirgaggu ne. Aka ɗauke shi zuwa tsibirin Jersey, daga nan kuma zuwa Malibu da ke gaɓar teku a Kalifoniya, yana kan keken guragu, ƙafarsa a cikin filasta, likitoci kuma ba su ba shi tabbacin zai sake tafiya daidai ba. Shekarunsa 27 a lokacin, kuma rabin sana'arsa a kan dandamali take, inda yake kai da kawowa a gaban dubban mutane. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin jin ɗaci a muryarsa ba.

A Malibu ɗin ne Page ya same shi suka fara tsara waƙoƙi su biyu. Sauran abokan aikinsu, John Paul Jones mai jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, da John Bonham mai ganguna, ba su iso ba sai da aiki ya yi nisa, aka yi atisaye a wani situdiyo a Holiwud. Wannan ya bar tabo a jikin faifan: waƙoƙi shida daga cikin bakwai sunayen Page da Plant ne kawai a kansu, guda ɗaya tak aka rubuta da sunan su huɗun. Jones shi ne mutumin da ya saba kawo fiyano da sauran kayan kiɗa masu madannai, shi ne kuma mai sassauta zafin ƙungiyar da tsare-tsaren da suka ƙawata Houses of the Holy na 1973. A wannan karo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kayan kiɗa. Jitar katako marar lantarki, wadda ta mamaye rabin faifansu na uku, ita ma kusan babu ita, in ban da ɗan abin da ke ɓoye a ƙasan waƙa guda. Abin da ya rage shi ne jitar lantarki da bes da ganguna da murya.

A watan Nuwamba suka tafi birnin Munik na Jamus, suka shiga situdiyon Musicland na Giorgio Moroder, wanda ke ƙarƙashin ƙasa a ginin wani otal, ba taga ba hasken rana. Cikin kwana 18 aka naɗi faifan aka kuma tace sautinsa, alhali fayafayan da suka gabace shi, in ban da na farko, sun ci watanni. Dalilin wannan sauri shi ne ƙungiyar Rolling Stones ta riga ta kama situdiyon domin aikin faifanta Black and Blue, kuma sai da Page ya roƙi arzikin ƙarin kwana biyu daga wurinsu kafin ya kammala. Bayan sauran sun gama nasu sun tafi, shi da injiniyan sauti Keith Harwood suka zauna suna aiki dare da rana, barci kaɗan, Page yana ɗora sautin jita a kan wani hawa-hawa. Plant kuwa a zaune ya rera yawancin waƙoƙin, kuma duk wanda ya san harkar waƙa ya san cewa mai rerawa a zaune ba ya samun cikakken numfashin da mai tsayuwa yake samu. Ana jin hakan a muryar: ta fi sirantaka, ta fi kaushi, ba ta kai tsayin da take kaiwa a 1971 ba. Masu suka sun kira wannan rauni, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai raunin ya dace da abin da waƙoƙin suke faɗa.

Waƙar farko, "Achilles Last Stand", ta haura minti goma, kuma ita ce wadda kowa ya yarda da ita, don haka sau da yawa ana yaba mata ba tare da an tsaya an duba abin da ke cikinta ba. Tana buɗewa da jita ita kaɗai, a hankali, da wani amo mai dawowa, sai kawai ganguna su ɓarke ba sallama. Daga nan har kusan ƙarshe, Bonham da Jones suna riƙe da wani bugu mai kama da sukuwar dawaki a ranar hawan sallah, lokacin da mahaya suka saki linzami suka nufo gaban sarki, sai dai wannan sukuwa ba ta tsayawa har minti goma. Jones ya yi amfani da bes mai tsirkiya takwas maimakon huɗun da aka saba, abin da ya ba ƙasan waƙar kauri da ƙara irin ta ƙarfe. Bonham kuwa, idan aka sa kunne a kansa shi kaɗai, za a ji cewa ba ya maimaita cike gurbi iri ɗaya: duk inda layin waƙa ya ƙare, sai ya mirgina sandunansa a kan ƙaramar ganga ta wata sabuwar hanya, wani lokaci da saurin da kunne bai isa ya rarrabe bugun ɗaya bayan ɗaya ba, amma bai taɓa sakin ma'aunin ba. A ganina babu wani wuri a duk tarihin ƙungiyar da ya nuna gwanintarsa kamar nan.

A saman wannan tushe ne Page ya gina abin da ya kwana yana ginawa. Akwai wurare a tsakiyar waƙar da jitoci da dama suke hawa tare, kowace da nata zubin, ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka, har sai sun haɗu sun zama kamar murya ɗaya mai faɗi. Inda jitar take magana ita kaɗai, ba gudu Page ya sa a gaba ba. Yana jan sautin ne yana lanƙwasa shi, yana bari ya yi tsawo kafin ya sake shi. Kalmomin kuma daga tafiyar Maroko da zaman hijira suka fito, gauraye da tatsuniyoyin Girkawan da: Achilles, jarumin da ajalinsa ke a diddige, da Atlas, ƙaton da aka ɗora wa ɗaukar sama a kafaɗa. Ba sai an yi dogon bayani ba game da dalilin da ya sa mutum mai karyayyar ƙafa ya tuna da na farkon. Abin lura shi ne waƙar ba ta da amshi, babu wani layi da jama'a za su kama su rera tare, kuma duk da haka ba ta gundura, saboda kowane sashe yana tura mai sauraro cikin na gaba. Bayan 'yan shekaru, irin wannan bugu na sukuwa ya zama tambarin ƙungiyoyi masu kiɗa mai nauyi irin su Iron Maiden.

Inda nake rabuwa da yawancin masu sharhi shi ne a kan waƙa ta biyu, "For Your Life". Ita ce wadda aka fi zargi da nauyin jiki, ana cewa tana jan ƙafa ba ta zuwa ko'ina. Gaskiya ne tana jan ƙafa, amma da gangan ne. Batunta hodar ibilis ce da yadda ta cinye mutanen da ke kewaye da harkar kiɗa a Los Anjelis a wancan lokaci, kuma Plant ba wa'azi yake yi daga nesa ba, yana magana ne a kan abin da ya gani a cikin da'irarsa, da ƙyama da gajiya. Kiɗan yana tafiya yana tsayawa, ganguna suna faɗowa a inda ba a zata ba, kuma Page ya ajiye jitarsa ta Gibson da aka san shi da ita ya ɗauki Fender Stratocaster, yana danna ƙarfen da ke sassauta tsirkiya domin sautin ya nitse ƙasa kamar abin da ke zamewa daga hannu. Waƙa ce marar daɗin zama, kuma bai kamata ta yi daɗi ba. A cikin shekarun da ƙungiyoyin rok suke ɗaukar shaye-shaye abin alfahari, samun waƙar da ta nuna ƙazantar abin daga bakin waɗanda ke tsakiyarsa ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan aka tuna cewa wasu daga cikin masu kiɗan kansu ba su tsira daga wannan masifa ba.

Waƙoƙi uku ne a faifan da ba zan ɓata lokaci wajen kare su fiye da kima ba. "Royal Orleans", wadda aka raɗa wa sunan wani otal a New Orleans, ita ce ta su huɗun, gajeriya ce mai barkwanci, kuma darajarta tana ga yadda bes da ganguna suke wasa da juna. "Candy Store Rock" gaisuwa ce ga kiɗan shekarun 1950 irin na Elvis Presley. An fitar da ita ita kaɗai a Amurka domin gidajen rediyo, ba ta kuma yi kasuwa ba, ni ma ina ganin ita ce mafi rauni a faifan. "Hots On for Nowhere" ta fi su duka ban sha'awa, domin kiɗanta na annashuwa ne amma kalmominta ƙorafi ne a kan abokai da suka bar mutum cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, kuma an daɗe ana fahimtar cewa da Page da manajansu Peter Grant yake. Wato mai waƙa yana zaune a kan keken guragu yana sukar mutumin da ke bayan gilashi yana naɗar muryarsa.

Sai "Nobody's Fault but Mine", wadda ke buɗe gefe na biyu na faifan. A nan akwai abin yabo, akwai kuma abin zargi, kuma bai dace a ambaci ɗaya a bar ɗaya ba. Asalin waƙar ta Blind Willie Johnson ce, wani makaho Baƙar fata mai waƙoƙin addini daga jihar Texas, wanda ya naɗe ta a 1927, ya kuma rasu cikin talauci a 1945. Led Zeppelin sun ɗauki gindin waƙar da babban layinta, amma a jikin faifan sunayen Page da Plant kawai aka rubuta. Wannan ba shi ne karo na farko da suka yi haka da kayan mawaƙan bulus ba, wato tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, domin a kan wata waƙa ta faifansu na biyu sai da Willie Dixon ya kai su kotu kafin a sa sunansa. Son da nake yi wa faifan bai wanke su daga wannan ba. Abin da kawai zan ce shi ne, a wannan karo ba kwafa suka yi suka tsaya ba, sun rushe ginin ne suka sake shi. Johnson yana magana ne a kan mutumin da aka ba littafi mai tsarki ya ƙi karantawa, don haka idan ya halaka kada ya zargi kowa. Plant ya mayar da ita ikirarin mutumin da ya ga sakamakon rayuwar da ya zaɓa.

Yadda aka tsara kiɗan wannan waƙa ya cancanci a saurare shi da natsuwa. Jita ce take farawa, an bi da sautinta ta wata na'ura da ke sa shi yin kamar yana juyawa, sai muryar Plant ta shigo ba da kalmomi ba, tana bin jitar sawu da sawu har ya zama da wuya a ce ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Kusan minti guda ake yi a haka kafin bes da ganguna su faɗo. Daga nan sai abin da na fi so a duk faifan: tsayawar da suke yi. Sau da dama kiɗan gaba ɗaya yakan yanke ɗif, a bar gurbi wanda ba komai a cikinsa, sannan su huɗun su dawo a bugu ɗaya, babu wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka shekara bakwai suna kiɗa tare, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. A tsakiya kuma Plant ya busa hamonika da ƙarfin da ya fi na muryarsa a ko'ina a faifan, kamar abin da ƙafa da ƙirji suka hana shi ya fitar ta nan ya samu hanya.

Faifan ya rufe da "Tea for One", bulus mai tafiyar hawainiya da ya haura minti tara. Laifin da aka ɗora mata shi ne ta yi kama da "Since I've Been Loving You" ta 1970, kuma kamar tana nan, domin gininsu ɗaya ne. Amma abin da suke ɗauke da shi ya bambanta. Ta 1970 kuka ne na saurayi mai ƙarfi a jika, yana ihu domin a ji shi, jita tana tsalle tare da shi. Ta 1976 kuwa ta mutum ce da ke zaune shi kaɗai a ɗakin otal, iyalinsa suna wata nahiya, yana kallon lokaci ya ƙi tafiya. Har wata dabara suka yi a farkonta: tana buɗewa da kiɗa mai ɗan sauri kamar za a yi rawa, bayan 'yan daƙiƙu sai ya rushe ya koma jan jiki, ba ya kuma sake tashi. Page ya kaɗa jitarsa a nan da kamewar da ba a saba ji daga gare shi ba, yana barin tazara tsakanin sauti da sauti, Bonham kuma, wanda aka sani da dukan ganga kamar zai fasa ta, ya riƙe hannunsa. Da a ce wata ƙungiya ce dabam ta fitar da wannan waƙa, wadda ba ta da ta 1970 a bayanta, da an daɗe ana ambatonta cikin manyan waƙoƙin bulus na Turawa.

To me ya sa faifan bai samu karɓuwa ba? Da farko dai, ya kamata a gyara wani kuskure: ba faɗuwa ya yi ba. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, kuma an tabbatar da sayar da kofi miliyan 3 a Amurka kaɗai. Matsalar ita ce ma'aunin da aka auna shi da shi, domin faifansu na huɗu ya haura miliyan 20 a wannan ƙasa. Na biyu, ƙungiyar ba ta iya yin rangadi domin tallata shi ba, saboda Plant bai warke ba, kuma a watan Oktoba na wannan shekara suka fitar da fim ɗinsu The Song Remains the Same tare da faifansa, wanda aka ɗauka a wasanninsu na New York a 1973, sai hankalin masoya ya koma can. Na uku, zamani yana juyawa. A watan Afrilu na 1976 'yan sabuwar ƙungiyar Ramones suka fitar da faifansu na farko a Amurka, kafin ƙarshen shekara kuma 'yan ƙungiyar Sex Pistols suka tayar da ƙura a Landan, matasa suka fara kallon ƙungiyoyi irin su Led Zeppelin a matsayin attajiran da suka yi nisa da talaka. Abin dariya a nan shi ne, a duk fayafayansu babu wanda ya fi kusa da abin da matasan suke nema, wato kiɗa tsirara da aka yi cikin sauri da fushi, kamar wannan da suka yi wa dariya.

Bangon faifan ma bai taimaka ba, ko da yake ni yana burge ni. Kamfanin zane na Hipgnosis ne ya tsara shi: wani iyali, uba da uwa da yara biyu, sun yi ado suna zaune a teburi suna murmushi, a bayansu jiragen ruwa na shaƙatawa, a tsakiyar teburin kuma wani baƙin abu dogo mai ɗan murɗewa, wanda ba a faɗi ko mene ne ba. A cikin bangon akwai wasu hotuna irin na tsofaffin mujallu, kowanne da wannan baƙin abu a cikinsa, mutane suna kallonsa ko suna taɓa shi cikin jin daɗi. Babu hoton mawaƙan ko ɗaya. Wanda ya sayi faifan yana tsammanin aljanu da tsaunuka irin na da, sai ya tarar da wannan sanyin hoto a waje da wannan zafin kiɗa a ciki.

Akwai kuma batun kunne. Mai sauraron rok na Turai da Amurka a wancan lokaci ya saba da faifan da ke sauya launi daga waƙa zuwa waƙa, a yi mai zafi a yi mai sanyi, don haka da ya ji minti 44 na jitar lantarki da ganguna ba hutu sai ya ce abu ɗaya ake maimaitawa. Amma wanda kunnensa ya saba da jitar Abzinawa ta Agadez, irin ta Bombino ko Mdou Moctar, ya san cewa maimaita zubi ɗaya ba talaucin fasaha ba ne, hanya ce ta tara nauyi har sai ƙaramin sauyi ya zama babban al'amari. Ba ina cewa daga can Presence ya samo asali ba, domin tushensa bulus ne na Amurka. Sai dai ba abin mamaki ba ne cewa Plant da kansa ya bi wannan hanya daga baya, har ya je ya yi wasa a bikin kiɗan hamada na Essakane da ke arewacin Mali a 2003.

Abin da ya biyo bayan faifan ya ƙara masa nauyin da ba a gani ba a lokacin fitowarsa. Sun koma rangadin Amurka a 1977, amma a watan Yuli aka katse shi saboda rasuwar ɗan Plant mai shekara biyar. Faifan da suka yi bayan nan, In Through the Out Door na 1979, Jones da Plant ne suka ja ragamarsa, kayan kiɗa masu madannai suka mamaye shi, Page kuma ya ja baya. A watan Satumba na 1980 Bonham ya rasu yana da shekara 32, ƙungiyar ta watse kafin ƙarshen shekarar. Saboda haka Presence shi ne wuri na ƙarshe da aka ji Page da Bonham suna kan ganiyarsu a lokaci guda a cikin situdiyo, kuma Page ya sha nuna cewa yana cikin ayyukan da ya fi ji da su. A zamanin ƙungiyar, waƙoƙi biyu ne kawai daga cikinsa suka shiga jerin waɗanda ake kaɗawa a dandamali, wato "Achilles Last Stand" da "Nobody's Fault but Mine", kuma hoton bidiyon ta farkon da aka ɗauka a wasansu na Knebworth da ke Ingila a 1979 ya isa shaida cewa ba dabarar situdiyo ce kawai ba. Da ragowar ukun suka sake haɗuwa a zauren O2 na Landan a watan Disamba na 2007, tare da Jason ɗan Bonham a kan ganguna, sai suka zaɓi "For Your Life" suka kaɗa ta a gaban jama'a karo na farko, shekara 31 bayan fitowarta, alhali suna da waƙoƙi da yawa da suka fi ta suna da za su iya sakawa a gurbinta.

A 2015 Page ya sake fitar da faifan da sabon tacin sauti, tare da ƙarin faifai na abubuwan da ba a taɓa ji ba daga zaman Munik. A cikinsu akwai wani kiɗa marar murya wanda fiyanon Jones ke jagoranta, mai taushi da daɗin ji, irin abin da masu suka suka ce faifan ya rasa. Wannan ya nuna cewa ba rasa irin wannan kaya suka yi ba a wancan Nuwamba. Suna da shi a hannu, suka ajiye shi gefe. Wasu sun ce da an saka shi tsakanin "For Your Life" da "Nobody's Fault but Mine" da faifan ya samu wurin shan iska, wataƙila ma da ya fi kasuwa. Mai yiwuwa haka ne ta fuskar ciniki, amma ni ina ganin Page ya yi daidai da ya bar shi a waje, kuma da a ce dole ne a taɓa jerin waƙoƙin, to "Candy Store Rock" zan cire, ba tare da na saka komai a madadinta ba.